Kujerar da Baba Ya Ƙera

Asabar, 30 ga Agusta

Na zaɓa. Huɗu: lissafi, babban lissafi, fiziks, kemistiri. A shekaru biyun ƙarshe kafin jami'a kowa uku yake ɗauka, sai masu taurin kai irina. Malamar da ke karɓar zaɓin ta kalle ni ta saman tabarau, wai, "Yaro, ka san Maƙera za ka shiga?" Haka ake kiran ajin masu huɗu. Na ce mata ai a maƙera aka haife ni, ubana mai walda ne. Ko murmushi ba ta yi ba.

Da na faɗa wa Baba a shago, bai ma ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ba. Ya ce, "Injiniya?" Na ce in Allah ya yarda. Ya ce, "Da ƙafarka ka shiga. Ranar da ka fito da ƙafarka, ni zan karya ta." Baba ba ya faɗin irin wannan don wasa. Kunnena na hagu shaida ne, tun marin bara bai dawo daidai ba.

Tsinke ma huɗu ya ɗauka. Tun firamare benci ɗaya muke zama da shi. Iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi, amma kansa wuta ne. Umma ta ce mu biyu kamar tukunya da murfi.

Litinin, 8 ga Satumba

Ranar farko. Malamin fiziks shi ke riƙe da ajin, Guduma ake ce masa. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, wayar lantarki ninki biyu tana leƙowa daga aljihunsa.

Ya ce mu talatin da ɗaya ne, ɗakin gwaji kuwa mutum ashirin da huɗu yake ci. "Ni ba na korar kowa. Amma ba wanda zai taɓa ko kwalba ɗaya a ɗakin can sai kun koma ashirin da huɗu." Kuma kowa ya sani, wanda bai yi aikin gwaji ba, jarrabawar ƙarshe ba tasa ba ce.

Ga yadda ake fita. A manyan azuzuwa kowa da kujerarsa yake zuwa daga gida. In ka gaji, ka ɗora kujerarka a ka, ka ratsa filin makaranta kai kaɗai zuwa ajin masu uku, 'yan ajinku suna buga tebur har ka ɓace. Ba mai taya ka ɗauka. Wai tun kafin a haife mu haka ake yi.

Na rantse ni dai ba zan buga wa kowa tebur ba. Wulaƙanci ne tsagwaronsa.

Laraba, 10 ga Satumba

Baba ya ƙera min kujera. Da guntayen rodi da ƙarfen ƙofa, ƙafafunta kamar na injin niƙa. A baro muka kai ta, ni da Tsinke, muna haki, yara suna dariya. Na ce, "Baba, ai wannan ba ta ɗaukuwa." Ya ce, "Na sani."

Alhamis, 18 ga Satumba

Wayar nan! Kai! Ba a tafin hannu yake duka ba, a bayan ƙafa, inda wando ke rufewa. Amsa ba daidai ba, waya. Amsa daidai amma ka yi jinkiri, waya. Yau na sha har jini ya manne da safa, sai da Umma ta jiƙa da ruwan ɗumi ta ɓanɓare. Tana yi tana Allah ya isa ƙasa-ƙasa, don kada Baba ya ji.

Uku sun ɗauki kujera. Ta farko yarinya ce, tana tafe tana kuka, ƙarar tebur kamar za a tsaga rufi. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya. Tsinke ya rufe ido.

Talata, 23 ga Satumba

Babban lissafi ba lissafi ba ne, bala'i ne. Ina kallon allo kamar an rubuta da ƙafar kaza.

Juma'a, 26 ga Satumba

Yanzu Guduma ba ya ma wahalar da kansa sosai. Mu muke yi masa aikin.

Akwai wani ƙato, Bijimi, wanda ya maimaita aji, da 'yan korensa biyu. Su suke zaɓar wanda zai fita. Su yaga maka littafi, su zuba maka tawada a jaka, in ba ka gane ba su tare ka a bayan tankin ruwa. Yau suka tare Tsinke. Ina zuwa na tarar Bijimi ya shaƙe shi da igiyar jakarsa, idanunsa sun firfito. Ban san lokacin da na ɗauki ɓallin bulo ba. Na kafta masa a goshi, ya sake shi, muka kama kokawa a cikin taɓo. Ya fasa min leɓe, na cije shi a kafaɗa sai da na ji gishirin jini a bakina. Ubansa! Ya ɗauka kowa tsoronsa yake ji.

A gida Baba bai tambayi leɓen ba, rigar da ta yage ya gani. Ya ƙara min da bel. Duka biyu a yini ɗaya, wallahi har dariya ta so kama ni.

Tsinke ya ce, "Ɗan walda, ba zan manta ba." Na ce ya rufe min baki ya koya min lissafi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Saura mu ashirin da biyar. Ɗaya ya rage, kuma kowa ya kafe. Ba mai gaisawa da wani yanzu. In ka yi tari, aji gaba ɗaya ya juyo yana duba ko ciwo ne zai kwantar da kai.

Litinin, 6 ga Oktoba

An raba sakamakon gwajin babban lissafi. Guduma ya roƙi malamin ya bar shi ya karanta da kansa, daga sama zuwa ƙasa. Tsinke na biyu. Ni na ƙarshe. Har Bijimi, wannan dutsen, ya fi ni.

Sai ya ce sauran makarantu sun yi nisa da aikin gwaji, mu muna nan muna jiran mutum ɗaya ya san kansa. Bai kalle ni ba. Sauran ne suka kalle ni, dukansu.

Da aka tashi na tsaya ni kaɗai, na gwada ɗaga kujerar. Na kai ta ƙirji da ƙyar. Ashe tana ɗaukuwa, in an ciji haƙori. Sai ga Tsinke ya dawo ya ba ni birona da ya ara. Ya gan ni, ya ce in sauke, na sauke, ya haye ya zauna a kai. "Sai dai ka ɗauke ta da ni. Wata ɗaya ka ba ni, zan zuba maka lissafin nan a ka ko da mazurari ne."

Na ji kunya. Na kuma ji haushinsa, ban san dalili ba. Shi komai a banza yake samu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Bayan tanki. Wannan karon su biyar ne, har da waɗanda muke cin abinci tare bara. Suka rufe min kai da rigata, suka yi min dukan kawo wuƙa. Ƙafa, gwiwa, wani da katakon tebur. Ina jin haƙarƙarina yana amsawa. Da suka gaji Bijimi ya durƙusa a kunnena, mai jin, ya ce, "Kujera ɗaya muke so kafin Litinin. Taka ko ta abokinka, ba ruwanmu. In ba haka ba kullum nan za mu haɗu."

Fitsarina ja ne da yamma.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je shago na tsaya har Baba ya kashe inji. Na ce, "Baba, in mutum ya yi uku da kyau, ai ma yana iya..." Ban ƙarasa ba. Sifanar kwance noti da ke hannunsa ta wuce ta gefen kaina ta bugi ƙofa, har yanzu ramin yana nan. Ya cire gilashi ya nuna min idanunsa, jajaye, kullum suna ruwa. Ya ce, "Dubi nan. Wannan kake so ka gada? Na gwammace in binne ka."

Gaba waya, baya sifana, gefe Bijimi. Ina zan sa kaina?

Tsinke ya zo gida da littattafai. Umma ta zuba masa abinci a kwanona. Ya yi ta bayani, yana zane da ɗan siririn hannun nan nasa, layi bayan layi, tsaf. Ban ji komai ba. Hannun kawai nake kallo.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ranar sharar layinmu ce. Ina ɗauke da kujerar zan matsar da ita. Tsinke ya durƙusa yana laluben kamfas ɗinsa na zane a ƙarƙashin tebur, ya dafa siminti da hannun dama.

Ta suɓuce.

Nauyi gare ta, kowa ya sani. Haƙarƙarina ma ciwo yake. Ta suɓuce ne.

Ƙarar da ya yi, ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Yatsun sun kalli wani wajen daban. Jini ya bi tsagin siminti har ƙarƙashin takalmina. Ni na goya shi zuwa bakin titi, ni na tare mota, kowa ya gani.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yatsu uku. An ɗaure har gwiwar hannu. Likita ya ce sai bayan wata biyu a ga ko zai riƙe biro. Umma ta dafa abu ta ce in kai masa asibiti. Na ce ina da karatu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ya zo makaranta! Da hannu a rataye, fuska duk ta faɗa. Taurin kai kamar me. Wa ya aike shi?

Guduma ya dube shi ya ce, "Ni ba na korar kowa." Ya raba gwaji. Tsinke ya kama biro da hagu, yana jan layi kamar ɗan aji ɗaya, gumi yana ɗiga a takarda. Lokaci ya cika bai gama tambayar farko ba. Guduma ya ciro waya. A bayan ƙafa, kamar kowa, ba ragi. Da ya yi tangal-tangal hannun ya bugi gefen tebur, ya zube ƙasa yana amai.

Bijimi ya wuce ta gefena ya dafa min kafaɗa. Saura ƙiris in fasa masa baki. Ban fasa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Bayan tara, ana tsakiyar kemistiri, Tsinke ya miƙe. Kujerarsa ta katako ce, mara nauyi, amma da hannu ɗaya sai da ya yi ta fama kafin ya ɗora ta a ka. Wani daga baya ya ce, "Wa ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka?" Aka kwashe da dariya.

Ya tsaya a gabana. Na ɗauka zagi zai yi, na ma shirya. A hankali ya ce, "Ina ƙasa, ƙafafunka nake gani. Ba ka yi tuntuɓe ba. Gyara tsayuwa ka yi."

Ya fita. Aka fara buga tebur. Yana ratsa fili kujerar tana karkacewa, ta faɗi, ya durƙusa ya sake ɗorawa, ta sake faɗi. Masu uku sun fito baranda suna kallo.

Tafin hannuna ya kumbura. Ban tuna lokacin da na fara bugawa ba, amma an ce ni na fi kowa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ashirin da huɗu.

Talata, 21 ga Oktoba

An buɗe ɗakin gwaji. Fes, ga warin sinadari, ga kwalabe a jere. An ba ni wuri kusa da taga. Na auna, na zuba, ruwan ya juye launi daidai inda littafi ya ce. Daɗi na ji, ba zan yi ƙarya ba. Ba mai tare ni yanzu, har hanya ake ba ni a baranda. Babban lissafi ma ya fara shiga, kaɗan-kaɗan. Baba ya faɗa wa maƙwabcinsa mai faci cewa ɗansa yana cikin waɗanda suka rage, har da dariya.

Ai abin da ake so ke nan. Iya ruwa fidda kai. In ba ni ba, da wani ne.

Da yamma na shiga kicin. Umma tana tsaye tana wanke-wanke, ta ce uwar Tsinke ta zo ɗazu, sun daɗe a ɗaki. Ta ci gaba da cuɗa kwano. Na miƙa hannu ta saman kanta zan ɗauko kofi a kanta, sai ta duƙe, ta kare fuska da gwiwar hannu, kumfa yana zuba mata a wuya. Baba kaɗai take yi wa haka.

Kofi kawai nake so. Na sha ruwan a tsaye, na fito.

Gobe akwai gwajin fiziks.