Zaren Darlene

Ennis, Montana, 3 ga Afrilu

Marlys 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Spokane? Ni dai gwiwar nan tana nan da halinta.

Ƙanƙara ta saki kogi, kifi sun fara tasowa. Jiya na ciro sandar kamun kifin mahaifiyarki. Wata goma sha tara zaren yana naɗe, tun rasuwarta. Da na warware shi sai ya zubo zobe-zobe kamar wayar tarho ta dā. A jefa shi haka, ƙudan gashin da ake ɗaurawa a bakinsa don yaudarar kifi zai faɗo ne a gindin ƙafar mutum.

Kin san maganinsa. Mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe baki, ɗaya ya ja da baya a hankali har ya miƙe. Shekara arba'in da ɗaya mahaifiyarki Darlene ce ke riƙe mini a bayan gida, tana yi mini tsawa wai in daina ja kamar mai fitar da mota daga laka. Wallahi tsawar nan nake kewa.

Na san har yanzu kina fushi. Ranar da aka binne ta kin roƙe ni sandar, na ce ba inda za ta, a gaban mutane. Tun ranar ban ji muryarki ba. Ko za ki zo ƙarshen wata?

Mahaifinki,
Orval

26 ga Afrilu

Marlys,

Ina gaishe ki, ina fata lafiya ce ta hana ki amsa.

Na yi wauta. Na ce bari in gwada da nawa zaren tukuna, na ɗaura shi a turken shinge da sassafe, cikin sanyi, na yi ta ja. Turke kuwa ba ya cewa ya isa. Sai ji na yi ɗas! Fatar roba da ke jikin zaren ta tsage wuri uku, ni kuma na zauna daɓas a kan kashin doki. Duane maƙwabcina ya leƙo yana dariya, wai, "Kai tsoho, kifin ne ya kayar da kai tun daga gida?" Na ce ya je ya ji da shanunsa.

Na mahaifiyarki ban ja shi ba. Hannuna ba shi da kunne, ita ce take jin lokacin da zare ya gaji.

Yau na kai sandar gidan waya, da abin naɗinta da zaren yadda yake. Taki ce, tun ranar ma taki ce. Tsoro ne ya sa na hana ki, kada gidan ya ƙarasa zama kango, kuma na yi kuskure.

Kada ki ja shi ke kaɗai, kada ki ɗaura a komai. Idan akwai mai riƙe miki a can, na yi murna. Idan babu, ina gida kullum, ba na zuwa ko'ina.

Naki har kullum,
Baba