Itacen Jego Babu Ciki

Koki, Kano,
20 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga maigidana, Baban Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya Abuja, yaya aikin kafinta? Na ji an ce 'yan majalisar da aka zaɓa sun saka ku gaba da aikin kujeru. Allah ya sa su zauna a kai su tuna da mu. Ikram ta fara tafiya, jiya ma sai da ta kifar wa Hajiya, mahaifiyarka, da kwanon goro.

Ka ce kada in ɓoye maka komai game da allurar tazarar haihuwa, to ga labari. Da farko na sha wuya. Jini ya riƙa yi mini wasa, yau ɗigo, gobe shiru, jibi ya dawo. Na rasa in yi salla ne ko in bari, har na tambayi Malamarmu ta Islamiyya, ina magana ina kallon ƙasa. Ta ce in lissafa kwanakin da na saba, sannan in yi wanka in ci gaba da ibadata. To tun da aka yi mini ta biyu, al'adar ta ɗauke ɗif. Na koma asibiti hankalina a tashe, Sista Larai ta yi mini dariya. Ta ce haka allurar take yi wa mata da yawa, kuma in na daina, al'ada za ta dawo ko da ta ɗan jinkirta.

Wallahi jikina ya yi ƙarfi. Jirin da nake fama da shi tun zubar jinin haihuwar Ikram ya tafi, har kumatu na yi. Hajiya dai ba ta san komai ba, kamar yadda muka shirya. Ina tsoron ranar da za ta ji, don ka san yadda take son jikoki.

Taka har kullum,
Mero.

Koki, Kano,
28 ga Disamba, 1999.

Baban Ikram,

Sallama da gaisuwa. Yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Ni kam na shiga uku, kuma in ka yi dariya ban yafe ba.

Ashe Hajiya tana lura da ni! Ka san buta ɗaya muke alwala da ita. Ta ga tun zuwanka na ƙarshe ban yi fashin salla ba, ga azumi ya yi nisa ban sha ko ɗaya ba, ga kumatu. Shi ke nan ta yanke hukunci ciki gare ni. Ba ta tambaye ni ba, ni ma kunya ta hana ni cewa uffan. Sai kawai na ga mai kura yana sauke itace a zaure. An sake kawowa, an jibge har bakin rijiya, wai tanadin wankan jego tun kafin damina ta jiƙa shi. Ta ciro babbar tukunya daga ƙarƙashin gado ta wanke. Ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa, ta ce in ajiye azumi na ƙi. Matan layinmu kuwa in na wuce sai su hau yi mini sannu suna ƙifta ido.

Abin da ke damuna shi ne Hajiya ta rame, ta rage magana, kullum carbi a hannu. Na ce ko azumi ne. Amma duk wannan hidima da take yi saboda jikan da babu shi, ranar da ta gane mun rufe ta, da wane ido zan kalle ta? Shekara shida muna zaune ko musu bai taɓa haɗa mu ba. Ina tsoron in rasa wannan.

Wani abin mamaki kuma, na ce mata zan rubuto maka, ta kawar da kai, ba ta ce in gaishe ka ba. Me ka yi mata?

Matarka,
Mero.

Koki, Kano,
15 ga Janairu, 2000.

Maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, da fatan ka yi ta lafiya. Gyara zama ka sha labari.

Ranar Laraba Hajiya ta yafa mayafi ta ce sai ta kai ni awon ciki da ƙafarta. Muka fito, Ikram a bayana. Muna isa Mandawari na ga abin ya ishe ni haka. Na tsaya a bakin wani dakali na faɗa mata komai: likita ya ce in huta shekara uku, mun yi shawara da kai, allura ce ta ɗauke al'adar, babu ciki.

Baban Ikram, Hajiya zama ta yi daɓas a kan dakalin mutane. Ta sa na maimaita. Sai ta fashe da kuka, na ce shi ke nan tawa ta ƙare. Can sai na ji hamdala take jerawa. Ta ce tun ranar da ta ga an ɗaura mini ledar jini a asibiti take ganin fuskar Yaya Gambo, 'yarta da ta rasu wajen haihuwa. Ta ce duk itacen nan da kuka ta saye shi, tana roƙon Allah ya sa in rayu in yi wankan. Kai kuwa fushi take da kai, wai ba ka da tausayi, ka ga abin da na sha amma ka ƙi bari in huta.

Daga nan ta ɗaka mini duka da carbi, ta ce mun cuce ta, mun hana ta cin abincin buɗa-baki da daɗi. Muka yi ta dariya a bakin titi kamar mahaukata, masu acaɓa suna kallonmu.

Asibitin ma sai da muka ƙarasa, don dama lokacin allurata ya yi. Hajiya ta tsare Sista Larai da tambaya, ko jinin taruwa yake a ciki. Sista ta ce ba ya taruwa, don jikin bai haɗa shi ba balle ya taru. Hajiya ta riƙe mini Ikram har aka gama, ta kuma ce nan gaba ita za ta riƙa tuna mini rana.

Itacen mun aika wa Uwani maƙwabciyarmu rabi, ta haihu ranar Salla. Sauran muna ta tuwo da shi. Tukunyar ta koma ƙarƙashin gado, Hajiya ta ce ta zauna can sai Ikram ta shiga makaranta.

Yanzu haka tana zaune kusa da ni tana cin goro. Ta ce in rubuta da manyan baƙaƙe: tana gaishe ka, Allah ya yi maka albarka, kuma ka dawo gida ta ga ɗanta.

Taka mai ƙaunarka,
Mero.