Garwashi a Jirgin Ƙarfe

Tafkin Dal, Srinaga
Nuwamba, 1986

Zuwa ga ƙanena Mushtak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Rifat da 'yarku Insha. Gaisuwar Inna kuwa ba zan ba ka ba, don ban san ko za ka isar ba.

Lassa mai sayar da darduma ya dawo daga Ingila. Ko shayin gishirin da na zuba masa bai kurɓa ba na tambaye shi gidan naka hawa nawa ne, tunda haka ka faɗa mana ranar da ka zo ɗaukar Inna a yi mata aikin ido, wai gida na bulo, ruwan zafi na bin bango. Bawan Allah ya yi ta kallon gindin kofi. Da na matsa masa sai ya ce ai ba gida ba ne, jirgi ne. Jirgin ƙarfe siriri, mutum biyu ba sa gifta juna a ciki, an ɗaure shi a wani lambatu bayan masana'antu, ruwan baƙi ƙirin.

Jirgi, Mushtak? Kai da ka ce warin ruwa ya ishe ka? Kai da ranar ɗaurin aurenka ka hana mu zuwa da kwalekwale, ka ce mu ɗauki tasi mu sauka a ƙofar surukanka, kada su tuna 'yan ruwa ne mu? Ka tsallake rabin duniya don ka je ka zama abin da kake gudu. Da kai kaɗai ne da na yi dariyata na ƙoshi. Amma ka ja tsohuwa ka kai ta.

Lassa ya ce ya same ta a lungu ta cusa hannuwa tsakanin cinyoyi, feran ɗinta, burmemiyar rigar sanyin nan, fayau, ba kangiri a ciki, ɗan kaskon garwashin da take runguma. Ta ce ya gaya min lafiyarta lau. Ka san Inna, ranar da ta ce lafiya lau ranar ce abin ya fi tsanani.

An yi ido ɗaya, Alhamdulillahi, ya isa. Ka maido min da uwata kafin Cilai Kalan ya shigo, don in arba'in ɗin sanyin nan ya same ta a cikin gwangwani ba zan yafe maka ba. Na ƙona ganyen bishiyar cinar na tara mata gawayi, na shanya kabewa da gauta, na ɗinke katifarta. Jirginmu tsoho ne, yana yoyo ta baya, amma a cikinsa ta haife mu kuma ba ta taɓa kwana da sanyi ba.

Allah ya shirye ka.
Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Zamruda


Birmingham
Disamba, 1986

Zuwa ga Yaya Zamruda,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta wajaba a kan ƙane, takardarki ta iso, na kuma karanta ta har ƙarshe, abin da ba kowa zai iya ba.

Ban yi ƙarya ba. Lokacin da na zo ɗaukar Inna muna cikin gida. Mai gidan ne ya sayar da abinsa muna dawowa, na ga da in ɗauki iyalina in raɓa a ɗakin wani gara in zauna a abin da na iya sarrafawa. Na hunturu ɗaya ne. Kuma ki sani a nan zaman jirgi ba abin kunya ba ne, maƙwabcina malamin makaranta ne mai ritaya. Lassa ya ci tuwona (shinkafa ce da naman rago, Rifat ta yini tana dafawa), ya koma ya yi min tallan talauci. Na gode masa.

Batun sanyi, ki kwantar da hankalinki. Akwai murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi a tsakiyar jirgi. Ɗakin Inna kuwa na bi kowace kafa, ta taga da ta ƙofa, na toshe da roba. Iskar da za ta kaɗa zare ba ta shiga. Ba irin namu na gida ba ne da muke kwance iska na wasa da fitila.

Kangirin ni na ɗauke, ba na ɓoyewa. Na ba maƙwabcina shi, ya shuka fure a ciki. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi. A jirgin katako tana ficewa ta tsakanin alluna, shi ya sa ba ta taɓa yi mana komai ba. A jirgin ƙarfe ba ta da hanyar fita, tana kashe mutum yana barci. Na san bayanin zai yi miki nauyi tunda a aji uku kika tsaya, amma ki nemi wani ya fassara miki.

Inna ba za ta dawo yanzu ba. Likita ya ce sai sanyi ya wuce za a yi ɗaya idon. Shekara da shekaru tana hannunki ido na rufewa kina ɗiga mata ruwan wardi, ban ce miki komai ba. Jiya ta zura zare a allura da kanta, ta yi kuka. A hannuna hakan ta faru, ba a naki ba, kuma na san abin da ke cin ki ke nan.

Ta ce ki riƙa kwashe ruwan bayan jirgi kullum, kada ki bar wa mijinki.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Mushtak Ahmad


Tafkin Dal
Disamba, 1986

Mushtak,

Salamu alaikum. Ina gaida Inna da Insha. Sauran ku gaida kanku.

Fure. Kangirin da Baba ya sayo mata daga garin Carar a hunturunsa na ƙarshe, shi ka ɗauka ka ba Bature ya shuka fure. Wallahi da na karanta wurin nan sai da na fita bakin jirgi na zauna. Ba ka da kunya, ba ka da tsoron Allah, kuma na san ba kai kaɗai ka yi tunanin ba. Matar nan taka 'yar tudu ce ta ce yana ɓata mata labule da toka, kai kuma ka nemo masa suna na boko.

Iska marar wari marar launi! Ba a gani, ba a shaƙa, kai kaɗai Allah ya nuna wa. A cikin feran ɗin Inna ka yi wayo, kai ta wannan gefe kangiri ta wancan. Ɗaga rigarka ka duba, tabon yana nan a gefen cibiyarka. Kakanninmu kaf da garwashi a ƙirji suka kwana a kan ruwa, wanne iskar ta kashe? Aji uku na yi, gaskiya ne, don an cire ni in tuƙa kwalekwale in sayar da ganye kai ka yi aji goma sha wani abu. Yau da karatun kake zagina.

Murhu a tsakiyar jirgi me zai yi wa tsohuwa? Inna ba ɗaki take ɗumamawa ba, cikinta da gwiwoyinta take ɗumamawa. Ba ta iya barci sai da zafi a jikin cikinta, ko ka manta? Na tabbata tun da ta je ba ta yi barcin kirki ba, tana dai yin shiru ne don kada ta ɓata maka.

Nan Cilai Kalan ya shigo da ƙarfinsa. Tafki ya daskare har yara na tafiya a kai, kowace safiya sai mun fasa ƙanƙara a kewayen jirgi. Ina fasawa ina tunanin ta.

Lassa zai koma da kaya. Na ba shi ƙunshi na Inna: busasshiyar kabewa, gauta, ganyen shayi, da wani abu da ba ruwanka da shi. A hannunta zai saka, ba naka ba, ba na matarka ba. Ka hana ni ita, amma ba ka isa ka hana ni kula da ita ba.

Wassalam.
Zamruda


Birmingham
Janairu, 1987

Yaya Zamruda,

Assalamu alaikum, don addini ya ce a yi.

Ƙunshinki ya iso. Lassa ya bi umarninki, ya jira na fita aiki sannan ya kawo. Mun ga kabewa, mun ga gauta. Sabon kangiri da jakar gawayin cinar kuwa a ƙarƙashin katifa Inna ta ɓoye su.

Ranar Talata da safe Rifat ta kai mata shayi, ta ƙwanƙwasa ba amsa. Ta tura ƙofa ta same ta a kwance kamar mai barci, fuska jawur. Ta girgiza ta, ta kira ta, shiru. Ihun Rifat ne ya shigo da ni. Da na ɗaga ta sai abin ya gangaro daga cikin feran, toka ta watse a kan bargo, da sauran ɗumi. Ƙamshin cinar ya cika ɗakin, nan take na san daga ina ya zo. Na ɗauke ta a kafaɗa na yi gudu a kan ƙanƙara ba takalmi har bakin titi.

Daga baya Insha ta faɗa mana tana kuka cewa kakarta ce ke sa ta ɗebo garwashi ɗaya daga murhu da cokali. Ta ce mata: "Kada ki faɗa wa babanki, saƙon gwaggonki ne." Yarinyar nan a ɗakin take kwana kullum, a jikin Inna. Tari ne ya sa muka ɗauke ta ranar ta kwana wurinmu. Ki zauna ki yi tunanin wannan da kyau, don ni ba na iya daina tunaninsa.

Na rubuta miki. Baƙi a kan fari na rubuta miki cewa yana kisa. Kin gwammace ki nuna min kin fi ni sanin uwarmu.

Ba ta mutu ba. Ta yi kwanaki a asibiti ba ta san inda take ba, sannan ta farka. Tana ci, tana tafiya in an riƙe ta. Sauran ba zan rubuta ba, ki gani da idonki. Aikin ɗaya idon an fasa, likita ya ce ba amfani yanzu. Ya ce a mayar da ita wurin da ta saba, ko Allah zai sa a dace. Lassa zai taho da ita ƙarshen wata, tunda shi ne ɗan aikenki. Ni ba zan zo ba, don in na gan ki ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Kin ce a maido miki da uwarki. Ga ta nan.

Allah ya isa tsakanina da ke.
Mushtak


Tafkin Dal
Fabrairu, 1987

Mushtak,

Wa alaikumus salam. Ta iso.

Ni na tuƙo ta da kaina daga bakin gaɓa. Ta shiga jirgi ta cire takalmi ta tsaya a ƙofa, tana jira a ce mata bismilla. Na kai mata shayi, ta karɓa da hannu biyu ta ce: "Na gode, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?"

Haka muke har yau. Ba ta yarda ta kwanta a katifarta, wai ta masu gida ce. Ta ɗaure kayanta ta ajiye kusa da taga. Duk kwalekwalen da ya gifta sai ta ce in duba mata ko ɗanta Mushtak ne ya zo ɗaukar ta.

Ni na aika garwashi, kai ka toshe iska. Ka ce Allah ya isa, to ya isa ɗin, shi zai raba mu.

Ka zo ta gan ka. Ranar da za ka iso ka faɗa wa Lassa tun da wuri, in bar muku jirgin.

Wassalam.
Zamruda