Famfon Man Da Ya Tsayar Da Mu A Hanyar Shinkafi

Zuwa ga Alhaji, shugaban garejin kanikawa na bayan tasha, Kaura Namoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu neman abinci a ƙarƙashinka. Sunana Isiyaku, malamin firamare a nan Kaura, mai farar motar nan mai kujera layi uku da nake kawowa garejinka tun ranar da na saye ta. Idan sunan bai tuna maka da ni ba, ni ne mutumin da aka fasa wa kai da sifana a gaban rumfarka, kana zaune kana kallo. Na zo in faɗa maka maganata a asirce, abin da na samu ke nan. Shi ya sa yau zan faɗe ta inda kowa zai ji.

Na farko, ina so ka san matsayin motar nan a wurinmu. Ba ta haya ba ce. Shekaru na yi ina tari kafin in saye ta, kuma ita kaɗai ce mota a duk zuri'armu, daga nan har Zurmi inda ƙanena Murtala yake zaune da iyalinsa. Mace ta fara naƙuda, ita ake kira. Ciwon ƙafar mahaifiyarmu Inna ya tashi, ita ke kai ta Gusau. Da kaka a kwantar da kujerun baya a loda gero. Ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa. Don haka ban taɓa yi mata riƙon wasa ba. Kullum kafin in tafi makaranta sai na buɗe bonet na duba ruwan lagireto da baƙin mai, na zagaya tayoyi na taka su. Lokacin juye mai bai taɓa wuce ni ba. Man galan na bakin hanya ba na zuba mata sai dole ta yi dole. Mutanenka har dariya suke yi mini, wai Malam ya mayar da mota amarya. Ba son ƙawa ba ne, Alhaji. Kai ma ka san halin da hanyoyinmu suke ciki: mota ta mutu maka a daji yanzu, ba maganar gyara ake yi ba, maganar rai ake yi.

Na biyu, lalurar da ta same ta. Da farkon damina ta fara wani hali: in ta yi tafiya ta ɗauki zafi sai ta riƙa fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. Sai ka jira ta huce kafin ta tashi. Na kai wa Lawali, bakaniken da ke rumfar kusa da ƙofar garejinka, wanda shi ke taɓa ta tun farko. Ya canza filogi, ba ta daina ba. Ya wanke matatar mai, ba ta daina ba. Daga baya ya sa kunne wajen tanki ya ce famfon mai ne ya gaji, sai an sa sabo. Na san wannan famfon da idona, domin wayarsa ta taɓa ƙonewa a Gusau, mai gyaran waya ya fiddo shi ya haɗa ta, ya naɗe da jan salatif ina tsaye. Ban yi gardama ba. Na shiga shagon kayan mota da ke cikin garejinka, na sayi sabo a kwalinsa, na miƙa wa Lawali hannu da hannu, na koma aji domin ina da darasi.

Da la'asar na dawo ya ce an gama. Na ce ina tsohon? Ya ce ya jefa cikin tarkace, masu sayen ƙarfe sun kwashe. Na ce masa, "Lawali, jibi zan kai Inna ta'aziyya Shinkafi. Ka san hanyar. In akwai shakka ka faɗa mini in fasa." Ya dafa bonet ya ce, "Malam, ka tahi Shinkahi ka dawo, ka wuce Sakkwato in kana so. In ta tsaya maka, ka zo ka kama ni." Mai shayin ƙofar gareji yana wurin, ya ji, kuma yana nan da ransa.

Na uku, abin da ya faru. Mu huɗu ne a motar: ni, da Inna, da mai ɗakina Hauwa'u, da Murtala wanda ya zo daga Zurmi don ya raka mu. Mun je lafiya da sanyin safiya. Bayan azahar muka juyo, muka bi ayarin motoci kamar yadda ake yi, muna tsakiya. Rana ta take, kwalta ta yi zafi. Mun bar Shinkafi a baya, ba mu kai Moriki ba, a inda daji ya matso har bakin hanya, motar ta fizga. Ta sake fizgawa, ta mutu. Na murɗa makulli, injin yana juyawa amma mai ba ya zuwa. Motocin da ke bayanmu suka riƙa kauce mana suna wucewa. Ban ga laifin kowa ba, kowa da nasa iyali. Wani direba ya leƙo ya yi mana ihu, "Ku bar ta ku shigo!" amma motarsa cike take, kuma Inna ba ta iya gudu.

Murtala ya fita ya kwanta a ƙasa yana bubbuga tanki da dutse, wai ko famfon zai motsa. Yana cewa, "Yaya, sake murɗawa." Ina murɗawa muka ji babura. Daga cikin daji suka fito, kowane babur da goyo, fuskoki a naɗe, bindigogi a rataye. Murtala ya miƙe da dutsen a hannunsa, ko yar da shi bai samu yi ba. Na farkonsu bai tambayi komai ba, ya harbe shi a ƙirji. Ya faɗo jikin ƙofar da Inna take zaune, ya zame ƙasa, jininsa ya bi gilashin. Inna tana kallonsa ta cikin gilashin nan, tana kiran sunansa.

Suka fasa gilashin gaba da gindin bindiga, suka jawo ni ta taga. Ɗaya ya ce in tayar da motar. Na ce ta lalace. Ya ce ƙarya nake, ya ɗora hannuna na dama a bakin ƙofa ya maka mini gindin bindiga har na ji ƙashin ya tafi. Suka tattake ni a kwalta. Hauwa'u ta riƙe kujera ta ƙi fita, suka ja ta da mayafinta har ya shaƙe ta, suka ɗora ta a babur. Inna suka duba suka ce wannan tsohuwa ba ta kai ko'ina, ɗaya ya mare ta ya fizge 'yan kunnenta har kunnen ya tsage. Da za su tafi suka juyo suka buɗe wa motar wuta, tayoyi da fitilu da ƙofofi. Ina kwance ina jin muryar Hauwa'u tana nisa cikin daji har na daina ji.

Na ja jiki zuwa wurin Murtala. Idonsa a buɗe, yana ƙoƙarin magana. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, ya cika, kansa yana bisa cinyata. Inna ta sauko da rarrafe ta rufe masa ido da hannunta. A haka mutanen Moriki suka zo suka same mu.

Hauwa'u ta yi makonni a hannunsu. Gonar gadonmu ta Birnin Tsaba muka sayar kafin su sako ta. Ta dawo ƙafafunta a kumbure, bayanta duk shatar bulala. Yanzu ko yaro ya tayar da babur a lungunmu sai ta shige ƙarƙashin gado. Ba zan rubuta sauran abin da ta faɗa mini ba.

Na huɗu, abin da aka gani cikin tanki. Da aka jawo motar gida na ƙi yarda kowa ya taɓa ta. Bayan na ɗan samu sauƙi na ɗauko wani bakanike daga Gusau wanda bai san Lawali ba, na kira limamin unguwarmu da mai unguwa suka tsaya. Aka ɗaga kujerar tsakiya, aka buɗe murfin tanki, aka zaro famfon. Alhaji, tsohon ne. Ga jan salatif ɗin nan a wayarsa. An wanke shi da fetur an mayar. Bakaniken ya haɗa shi da batir a gabanmu: ya yi aiki kaɗan, da ya ɗauki zafi ya tsaya. Liman ya juya shi a hannunsa ya yi salati. Sabon da na saya, ban san motar wa yake ciki ba yanzu. Lawali ya sani.

Ka fahimce ni da kyau. Ban ce Lawali ne ya harbi ƙanena ba. Waɗanda suka harbe shi Allah ya san su, kuma a gabansa za mu tsaya da su. Na yi imani kwanan Murtala ya ƙare a ranar. Amma motocin da muka taso tare duk sun isa Kaura lafiya. Tamu kaɗai ta tsaya, kuma ta tsaya ne saboda mutumin da na ba amana ya dubi idona ya yi mini ƙarya, bayan na faɗa masa hanyar da zan bi da wadda zan ɗauka.

Na biyar, abin da aka yi mini a gabanka. Na zo garejinka hannuna a ɗaure, famfon a leda. Ban zo da sanda ba, ban zo da kowa ba. Na gaishe ka na zauna a benci, na ce a kira Lawali. Da ya ga abin da ke cikin ledar sai ya fara ihu wai na zo in ɓata masa suna, wai wa ya san ko ni na mayar da tsohon. Na miƙe na ce masa, "Ka ce in ta tsaya in zo in kama ka. Ga ni na zo." Ban rufe baki ba wani daga bayana ya sauke mini sifana a ƙeya. Na faɗi, suka rufe ni da duka, har hannun da aka ɗora ya sake gocewa. Mai shayi ne ya shiga tsakani ya janye ni. Kai kuma abin da na ji ka ce shi ne, "Ku fitar da shi waje, kar ya tara muna jama'a." Mai ɗori ya ce hannun ba zai koma daidai ba. Da hagu nake riƙe alli yanzu, da hagu na rubuta maka wannan.

Ga abin da nake nema. A kira Lawali gaban liman da mai unguwa da kai, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi. Ya zo gidanmu ya durƙusa gaban Inna, ya je Zurmi ya tsaya a ƙofar matar Murtala da marayunsa ya yi musu gaisuwa, domin har yau ko ɗaya daga garejinka bai tako ya ce mana sannu ba. A fito da wanda ya buge ni da sifana a miƙa shi ga hukuma. Ka san shi, a gabanka aka yi. Sannan ka kafa doka a garejinka: duk abin da aka cire wa mota a miƙa wa mai ita, sabon kuma a buɗe kwalinsa a gabansa. Gobe wani malami zai ba da makulli ya koma aji, wani zai ɗauki tsohuwarsa ya kama hanyar Zurmi yana ganin an gyara masa. Diyya ban tambaye ka ba. Ban san kuɗin da za a saka wa Murtala ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani, kuma ba barazana nake yi maka ba. Ranar da labarin dukana ya isa Zurmi, 'ya'yan baffanmu suka zo Kaura da adduna da jarkar fetur, garejinka suka nufa. A ƙofar gidana na tare su. Babbansu ya ce, "Isiyaku, kauce. An kashe muna ƙane, an karya ka, kai kana ta haƙuri?" Inna ce ta fito da sandarta ta ce duk wanda ya kunna ashana bai yi don ita ba, ta ga jinin da ya ishe ta. Suka koma, amma sun ce darajar takabar matar Murtala suke gani, kuma takabar ta kusa fita. Na sanar da mai unguwa, na sanar da hukuma. Ba na son a ƙona rumfar kowa. Akwai masu gaskiya da yawa a garejinka waɗanda ba su san hawa ba, da 'ya'yansu a ajina. Amma ni kaɗai nake tsaye a ƙofar nan ina tare mutane, kuma hannu ɗaya ya rage mini. Ka taimake ni da gaskiya tun ina iya riƙe su.

Allah ya ba ka ikon yin adalci ko a kan naka ne. Allah ya tsare ka da iyalinka a duk hanyar da za ku bi, kada ya nuna maka abin da ya nuna mini. Allah ya jiƙan Murtala, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a ƙasarmu.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku,
Kaura Namoda.