Yau Duna Bai Zaburo wa Baba Ba

Daren Laraba, Agege

Alhamdu lillahi, yau Duna ya fitar da ni kunya. Tun da na tsinto karen nan a kwata a Ogba, bayansa duk tabon duka, in ya ga sanda sai ya haukace. Makon jiya Baba mai gida ya ce in ya sake zaburo wa wani, sai dai mu bar masa gidansa, ni da karen.

Da la'asar sai ga Baban yana dogara sandarsa. Duna ya fara gurnani, ya matse jela. Na ce, "Baba, don Allah ku ajiye sandar. Tsoro yake ji, ba mugunta ba ce." Ya harare ni, amma ya jingina ta da bango, ya zauna a benci. Duna ya daɗe yana leƙensa, sannan ya matso a hankali ya shinshina takalminsa.

Baba ya ce, "Wannan ne dodon? Ashe ya fi ni tsoro." Har guntun ƙosai ya jefa masa.

Da zai tafi masallaci ni na wanke masa takalmin da Duna ya shinshina, ina ta murmushi kamar wawa.