Yayan mijina ya rubuta kansa cikin waɗanda ɗana ke ciyarwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Yayan mijina ya yi wa hukuma ƙarya, kuma da takardar aikin ɗana ya yi ta, abin da ya kawo ni ke nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in yi haƙuri ya riƙe abinsa, an faɗa mini a gida har ya ishe ni.

Mu mutanen Damagaram ne, muna zaune a Fort Washington, jihar Maryland a Amurka. Ɗana na fari soja ne, an turo shi aiki Virginia, yana zaune a Manassas da matarsa da 'yarsu. Yayan mijina kuwa, wanda yara ke kira Baba Babba, a Clinton yake, nan Maryland, yana da shagonsa yana da motocinsa. Gidansu gidan mafarauta ne tun a can, wannan gaskiya ne ban hana shi ba, duk sanda ganye ya fara zuba sai ya fito da bindiga ya tafi harbin barewa, ya dawo ya raba nama gida-gida ana ta sa masa albarka. Bana abokansa suka samu wani daji a Virginia. Shi ba mazaunin can ba ne, lasin farauta na baƙo ya kamata ya yanka, ya fi tsada. Sai wani ya ba shi labari cewa sojan da aka turo jihar, da matarsa da waɗanda ke ƙarƙashinsa a gidansa, ana ɗaukarsu kamar 'yan jiha. Shi ke nan ya shiga intanet ya cike fom, ya sa adireshin ɗana, ya ce shi yana cikin waɗanda yaron ke ɗauke da nauyinsu. Mutum mai furfura har a gira, mai jikoki, wai ɗana ne ke ci da shi.

Yadda na gane, ranar Laraba bayan la'asar ya zo gidana ya ce firintarsa ta lalace, in fitar masa da takardu biyu daga wayarsa. Har yanzu a wurinsa ni ce matar nan da aka kawo ƙasar nan tana dangwala yatsa a takarda. Bai sani ba, ko ya sani bai ɗauke shi komai ba, ina da shekara arba'in da huɗu na shiga makarantar manya, ina tashi daga aikin kula da tsofaffi in wuce aji da ƙafa a kumbure, har na iya karatu. A hankali nake yi, da yatsa, amma ba na tsallake layi. Takarda ta farko lasin ne, haɗe da fom ɗin da ya cike. Ta biyu kuwa takardar da aka turo ɗana aiki da ita ce, da sunansa da muƙaminsa da sunan rundunarsa, wai zai sa ta a aljihu ko malamin daji zai tare shi.

Na ce masa Yaya wannan ai ƙarya ce. Ya yi dariya ya ce au, ashe malama ta fara karanta wasiƙun mutane. Ya ce wace ƙarya, shi ba uban yaron ba ne, wa ya yanka ragon sunansa, a gidan wa ya yi shekara uku lokacin da muke neman takardun zama. Na ce duk na yarda, amma fom ɗin bai tambayi wa ya yanka rago ba, ya tambayi ina kake kwana. Nan ya juya maganar inda ya san za ta yi mini ciwo, ya ce tun da yake bai taɓa ganin uwar da ta tsaya tana kare ɗan fari a gaban iyayensa maza ba, ko sunan yaron ba na faɗa saboda kunya, yau kuma na zama lauyarsa, Amurka ta wanke mini ido. Na ce kunyar da na yi shekara talatin ina yi masa ita ce ta ba ka damar ka sa hannu a aljihunsa. Na ninke takardun na sa a jakata na ce ba za su fita gidan nan ba. Ya tashi ko shayinsa bai sha ba.

Da maigidan ya dawo daga tuƙi, an riga an kai masa ƙarata. Ya ce na zubar masa da mutunci, shi bai taɓa musa wa yayansa ba sai ni, kuma wa zai bi dattijo cikin daji yana tambayarsa adireshi. Na ce idan an tambaya fa, shi tara za a ci shi ya koma shagonsa, sunan wa ke kan ɗaya takardar. Ya ce in na ci gaba da maganar nan to in san ba da yawunsa ba ne, kuma kada in kuskura in kira yaron.

Na kira shi. Na tambaye shi wa ya ba Baba Babba takardar, ya ce shi ne ya tura, an ce masa za a duba wani abu ne, daga baya ya gane, amma Umma ya zan yi, Baba ne. Wannan yaron da bakinsa ya taɓa gaya mini a aikinsu ana bincikar mutum kan gaskiyarsa, har maƙwabta ake tambaya, kuma yana jiran ƙarin girma. Ƙaton soja, ana sara masa a bariki, amma ya kasa ce wa yayan ubansa a'a. Ni abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan, mu muka koya masa haka, mu muka ce shi ne tarbiyya, ga shi wani ya zo yana cin moriyarta don ya rage kuɗin lasin.

Ni ban san doka ciki da waje ba, ban san ko abin zai taɓa aikinsa ko ba zai taɓa ba, amma ba zan zauna in jira in gani ba. Riƙe takardun ma ba magani ba ne, suna cikin wayarsa, ko'ina zai iya fitar da wasu, kuma ranar Asabar za su shiga daji. Abu biyu nake juyawa. Ko in matsa wa yaron ya kira Baba Babba ya ce a soke lasin a cire adireshinsa, wanda na san daga ranar dangin ubansa za su sa masa sunan marar albarka. Ko ni in kira ofishin lasin in ce an yi kuskure a gyara, laifin ya tsaya a kaina, in ya so auren ya ji jiki. Masu 'ya'ya a soja, ko wanda ya san ƙa'idar nan, wanne za ku yi?

Yau da safe na ba maigidan karin kumallonsa, na ce masa Manassas za ni, bai ɗago kai ba. Na kira wurin aiki na ce ba zan zo ba, na haye gadar shiga Virginia da takardun a jakata. Yanzu haka ina cikin mota a ƙofar gidan ɗana nake rubuta wannan, matarsa ta leƙo ta taga ta gan ni. In ya dawo zan kira shi da sunansa, in sa shi ya karanta mini fom ɗin da bakinsa, layi-layi.