Doyar Gonarmu a Bangon Makaranta

Lesieli, na zo na ɗaya a ajin Turancin yamma!

Af, ban gaishe ki ba, ƙanwata. Ya yara? Muna lafiya a nan garin Griffith na Ostireliya, sanyi ne kawai ke cin gwiwata.

Malama ta ce mu kwatanta mutanen gidanmu, wa ya fi tsawo, wa ya fi saurin aiki. Me ya haɗa makarantar gwamnati da aikinmu, alhali bizar ɗanki Maka ta ƙare? Don kada a gano shi a kore shi, sai na kwatanta doyar gonarmu ta can gida, ƙasar Tonga. Jikata Seini ta ce, "Kaka, doya ce danginka yanzu?" Na ce, "Ai ba a korar doya, sarkin surutu."

Har yau ban yarda da malamar ba, amma ta manna takardata a bango. Ku zo duka ku gani!

Yayanki, Taniela